Mesar da Na Tsinta a Ardwick

Karatun kiwon lafiyar dabbobi ne ya kai ni Ingila, amma kwasar shara ce ta ciyar da ni a can. Sunana Hannatu, mutuniyar Wusasa ta Zariya. Na gama uni a Manchester daidai lokacin da gwamnatinsu ta shiga tsuke bakin aljihu. Council, wato hukumar gari, na sallamar ma'aikata, ana rufe laburare, 'yan ƙasa da kansu suna bin layin abincin taimako a coci-coci da masallatai. To ina ga baƙuwa mai takardar zama ta ɗan lokaci? Babu asibitin dabbobin da ban ƙwanƙwasa ƙofarsa ba. Masu kirki su ce sun gode, sauran ko kallo ban ishe su ba.

Wanda ya ɗauke ni a ƙarshe wani Bature ne mai suna Gary. Yana da babbar mota da 'yan ma'aikata, sana'arsa kuwa kwashe kayan gidajen da aka fitar da masu haya. A shekarun nan kowa kuka yake, ban da Gary. Ranar da na fara ya ce in na yi aiki da kyau, kamfaninsa zai tsaya mini in sami takardar aiki kafin tawa ta ƙare. Na yarda. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ba nauyin kaya ne wahalar aikin ba, abin da ido ke gani ne. Takalmin yaro ƙafa ɗaya. Hoton biki a bango. Shayin da aka haɗa ba a sha ba har ya yi funfuna. Mukan zuba komai a baƙaƙen ledoji, ba ma tambayar ina masu shi suka nufa.

Ardwick

Tsakiyar hunturu aka tura mu wani flat, wato sashen gidan haya, a saman dogon bene. Lif ya lalace, an yanke wuta, sanyin cikin ɗakin ya fi na waje. A kusurwar falo akwai wani abu kamar akwati, an lulluɓe shi da bargo. Abokin aikina Marek, mutumin Poland, ya janye bargon, sai ya yi tsalle da baya yana zagi da yarensu.

Akwatin gilashi ne, a ciki kuwa mesa. Tsawonta zai kai nawa, amma ta rame har ƙashin bayanta ya taso kamar kunya a gona. Tsohuwar fata ta bushe ta manne mata falle-falle, har kan idanu. Kwanon ruwanta ya ƙafe. A gadon bayanta akwai ƙuna, inda ta jingina da ƙwan fitila tana neman ɗumi kafin a ɗauke wutar.

Gary ya leƙo ya ce, "Ta mutu. Ku jefar da akwatin gaba ɗaya."

Ni ma haka na zata, kuma ban ji komai ba, don inda na tashi maciji ba abin tausayi ba ne. Na sunkuya in kama gefen akwatin, sai na ji wani siririn sauti kamar ana hura iska ta cikin kara. Na san sautin nan. Haka ɗan akuya ke numfashi idan ciwon huhu ya kama shi. Na duba hancinta, ga 'yar kumfa tana fitowa tana komawa.

Na ce, "Da ranta."

Ya ce, "Gobe ba ta da shi. Ku yi sauri, akwai wani gida na jiran mu."

Har yau ban san inda na sami zuciyar ba. Na zare rigar matashin kai daga kan gado, na sa hannu na ɗago ta. Sanyi ƙalau, kamar tiyon ruwan da ya kwana a waje, ko motsi ba ta yi ba. Na ƙulle bakin rigar, na cusa cikin rigar sanyina na ja zif. Marek ya yi alamar gicciye ya ba ni hanya.

A bas ɗin Stockport Road wata dattijuwar Baturiya ta ga cikina ya turo ina tallafe da shi, ta matsa ta ba ni wuri.

"Na fari ne?"

Na ce, "Na fari ne."

"Ki kula da kanki, 'yata. Sanyin bana ba kyau."

A daidai lokacin na ji abin ya motsa a jikina, a hankali, ya ƙara mannewa da haƙarƙarina. Na runtse ido ina addu'a a zuci har muka iso.

Longsight

Ɗaki nake haya a saman gidan Mama Kande, wata dattijuwa mutuniyar Jos da mijinta ya rasu, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Cocinmu ɗaya. Ba ta taɓa riƙe ni kamar 'yar haya ba. In ta dafa gwate sai ta ajiye mini nawa, in na yi tari sai ta tsare ni da citta da zuma tana faɗan ban sa hula ba. A duk Manchester, a kicin ɗinta ne kawai nake mantawa ba a gida nake ba.

Niyyata in sama wa mesar wuri cikin makon. Na sa ta a babbar roba mai murfi, na huda ramukan iska, na shimfiɗa jarida, na ajiye kusa da hita. Sai na shiga buga waya. Duk gidan ceton dabbobin da na kira, magana ɗaya ce: mun cika. Wata ta ce mini karnuka ma ba su da inda za su sa, balle maciji. Mutanen da aikinsu ya ƙare, da waɗanda aka mayar ƙananan gidaje, kowa kawo nasa yake yana kuka.

A laburaren unguwa, wanda aka rage wa ranakun buɗewa, na gano wace ce baƙuwata. Ba irin mesarmu ta gida ba ce, ta Kudancin Amurka ce, wadda Turawa ke kira boa. Ba ta da dafi. Ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi. Jikinta ba ya yin ɗumin kansa, don haka a ƙasa irin Ingila ranar da aka yanke mata wuta ranar aka fara kashe ta. Mutane kan saye su suna ƙanana kamar igiyar takalmi, ba su san za su girma su fi mutum tsawo, su kuma rayu shekaru da dama ba.

Akwai wani asibitin dabbobi na taimakon marasa hali. Likitar da ta duba ta ta buɗe bakinta da ɗan katako ta nuna mini dasashi ya ruɓe, ta ɗaga ɓawon fata ta nuna mini ƙananan ƙwari baƙaƙe kamar ƙuma suna shan jininta. Ta ce, "Ba na miki alkawari. Kin iya allura?" Na ce aikina ke nan a ƙasarmu. Ta kalli rigar aikin shara da ke jikina, ta ba ni maganin.

Daga nan rayuwata ta koma biyu. Da rana in kwashe gidajen mutane, da yamma in rufe ƙofa in yi jinya. In jiƙa ta a ruwa mai ɗumi-ɗumi, in murza tsohuwar fatar a hankali da tawul. In wanke bakin da auduga. In shafa magani a ƙunar. In nemi naman gefen ƙashin baya in yi allura, alhali naman ma babu. Ina yi ina tsine wa wanda ya bar ta. Nakan ce wannan ko wane ne, Allah ya isa tsakaninsa da baiwar Allahn nan.

Ta daɗe ba ta ci ba. Likita ta gargaɗe ni kada in yi gaggawa, don cikin da ya daɗe da yunwa in aka ɗura masa abinci amai zai yi, aman kuma shi ke ƙarasa su. Ranar da ta sare ni a hannu ina canza jarida, jini ya tsattsafo ta ƙananan huji kamar na allurai, na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai. Mai shirin mutuwa ba ya sara. Bayan 'yan kwanaki na narkar da ƙaramin ɓera, irin waɗanda ake sayarwa a daskare domin macizai, na miƙa mata da dogon hantsaki. Ta zaro harshe, ta tsaya, sai caraf.

Ɓerayen nan su suka tona ni. A cikin robar ayis-kirim nake ɓoye su can ƙasan firiza. Wata Asabar da rana na dawo daga aiki na tarar da Mama Kande zaune a kicin, robar a buɗe kan tebur. Naman kai take nema ta yi farfesu.

"Hannatu, mene ne wannan?"

Na gaya mata komai. Ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ce, "Yana ina?"

"Tana ɗakina, Mama. Ba ta da dafi, kuma a rufe take."

"A kaina? Duk watannin nan ina kwance, maciji na kaina?" Ta ture robar gefe. "Kin san abin da ya kashe ƙanena? A gonar acca, yana da ƙuruciyarsa. A cinyata ya cika kafin a sami mota. Ni za ki ce wa ba shi da dafi?"

Ban san da wannan ba. Na durƙusa ina ba ta haƙuri, na ce ta ƙara mini lokaci in sami inda zan kai ta.

Ta ce, "Na ɗauke ki 'ya. Ki zaɓa, ko ɗakin ko abin nan."

Mama ba ta da tsegumi, amma ta nemi a taya ta addu'a a taron mata, kuma magana zarar bunu ce. Ran Lahadi na zauna a bencina na kullum, sai na ga mata suna jan 'ya'yansu suna komawa baya. Bayan sujada wata da muke gaisawa sosai ta tare ni a bakin ƙofa.

"Sister Hannatu, an ce kin kawo abu daga gida saboda papers, ki sami takardar zama. In gaskiya ne ki fito a yi miki addu'a, tun bai nemi jini ba."

Na yi shekaru ina jure wulaƙancin Turawa, ban taɓa kuka a titi ba. Ranar na yi, da Hausa aka soke ni.

Ana cikin haka Gary ya ji labarin mesar ta rayu. Ya kira ni gefe da fara'a, ya ce ai duk abin da aka samu a gidan da ya kwashe nasa ne, kuma ya sami mai saye, wani da ke rataya wa mashaya maciji a wuya a gidajen rawa ana ɗaukar hoto. Na ce ba ta gama warkewa ba, hayaniya da sanyi za su kashe ta.

Ya ce, "Kawo macijin, sai mu zauna mu yi maganar takardarki."

Na kwana biyu ina juya maganar, ba zan ɓoye ba. Mesa ce fa, a gefe guda kuma zamana ne a ƙasar, da duk abin da iyayena suka sa rai. Marek ne ya raba gardamar. Muna sauko da firiji a matakala ya tsaya ya ce, "Hannah, Gary ba shi da izinin tsaya wa kowa. Haka ya gaya wa wadda ta riga ki, da wanda ya riga ta. Na ga kina ta jira, abin ya dame ni."

Washegari na ce wa Gary ba zan kawo ba. Ya ce to kada in dawo. Cikin mako ɗaya na rasa aiki, na rasa ɗaki, na rasa coci.

Hanya

Likitar asibitin taimako ce ta haɗa ni da wata mata a Birmingham mai suna Maureen, wadda ke karɓar macizan da aka yasar. A waya Maureen ta ce ita ma ta cika maƙil. Sai kuma ta ce, "Kin ce kin iya allura? Ƙuguna ya lalace, ba na iya sunkuyawa. Akwai katifa a ƙaramin ɗaki. Albashi babu. Ku zo ku biyun."

Motocin haya na dogon zango ba sa ɗaukar dabba. Sai na tuna da Malam Habibu, wani Bakano da ke jigilar kaya daga manyan shagunan sari na Cheetham Hill zuwa Birmingham. A wurin mahauci muka saba, ranar da ya ji ina waya da Hausa ya juyo kamar an kira sunansa. Na same shi yana lodi na gaya masa buƙatata.

"Malama Hannatu, mesa fa kika ce? Mesa dai da na sani?"

"Ita, Malam. Amma a ƙulle take cikin roba."

"Inna lillahi. Duk kayan da ke garin nan ki rasa abin tsinta sai mesa?" Ya cire hula ya sosa kai. "Mu dai an koya mana duk mai rai akwai lada a tausaya masa. Amma ba a ce sai na zauna kusa da shi ba. Ki sa ta can ɓangarenki, ki ɗora ƙafa a kan murfin."

Da safen da zan tafi Mama Kande ba ta fito ba. Na tsaya a ƙofar ɗakinta na ce, "Mama, na tafi. Ki yafe mini." Ba ta buɗe ba. Da na sauko sai ga kular abinci a bakin ƙofa, an naɗe ta da zanenta, gwaten da zafinsa.

Ruwa ake yi tun daga Manchester. Malam Habibu ya tambaye ni me abin ke so, na ce ɗumi. Ya ƙure hitar motar. Gumi na zubo masa har gemu, bai rage ba. Duk sanda robar ta yi ƙaras sai ya ce a'uzubillahi ya ƙara riƙe sitiyari. A wurin hutawar matafiya ya yi azahar, ya dawo da ruwan zafi a gora in sa a gefen robar. Muka ci gwaten Mama tare. Ya ce bai taɓa ci ba, ya kuma ce matarsa da 'ya'yansa na Kano, ƙaramar ba ta san fuskarsa ba sai a waya.

Da na yi masa maganar kuɗin mai ya ɓata rai. "Haba Malama. Ki dai roƙa mini Allah kada in yi mafarkinta."

Birmingham

Maureen tsohuwar direbar bas ce, gajera, mai sanda da muryar maza. Gidanta ƙarami ne a ƙarshen layi, amma falo da ɗakuna da gareji duk akwatunan macizai ne, jere har sama, kowanne da na'urar ɗuminsa. Ita kuwa a kicin take zama da rigar sanyi da safar hannu, don wutar ba za ta ishe su duka ba, ita da su. Tallafin da take samu a da an yanke. Abin da ya rage fanshonta ne da 'yan masu kawo taimako.

Ta duba mesata tun daga kai har wutsiya, ta ce, "Wa ya yi wannan jinyar?" Na ce ni. Ta ce, "To." Daga baya na gane a bakin Maureen wannan babban yabo ne. Ta keɓe ta a ɗaki ita kaɗai, kamar yadda take yi wa kowane sabon zuwa.

Na zauna da ita hunturu ya wuce, bazara ta wuce, wani hunturun ya shigo. Mukan buɗe ƙofa da safe mu tarar da kwali a kan dakali. Wani an ciyar da shi har ya yi teɓa ba ya iya naɗewa, wani an bar shi da ɓera mai rai ya gwaguye masa baya, wani an ajiye shi a akwatin da bai kai rabinsa ba har hancinsa ya goge. Wasu sukan warke mu sama musu masu riƙo na gari, bayan Maureen ta je ta ga gidan da idonta. Wasu ba sa warkewa.

Akwai wani babban namiji da aka tsinta a wurin zuba shara. Ya fara murmurewa har yana ci, sai wata safiya na same shi ya ɗaga kai sama ya kafe yana kallon silin, in ya juya ya faɗi rigingine ba ya iya miƙewa. Na kira Maureen. Tana gani ta zauna a kan bokiti. Ta ce wata cuta ce da ke taɓa musu ƙwaƙwalwa, ba ta da magani, kuma tana yaɗuwa. Ni na riƙe shi likita ya yi masa allurar ƙarshe. Muka ƙone shimfiɗu, muka wanke garejin da magani har hannuwana suka tsage, duk da haka sai da cutar ta ɗauki waɗanda ke kusa da shi. Makonni ina shiga ɗakin mesata ina duba ko ta ɗaga kai. Allah ya tsare ta. A watannin nan na fi kewar gida, na kan ji ƙamshin ƙosan bakin asibitin Wusasa a hancina alhali ina tsaye cikin warin maganin wanki.

Wata rana da hantsi aka buga ƙofa. Wani dogon mutum ne ramamme, yana ɗingishi, riƙe da 'yar jaka. Ya ce sunansa Darren, daga Manchester, likitar asibitin taimako ce ta kwatanta masa. Ya ce, "An ce wata ta ɗauki maciji a wani flat a Ardwick. Tawa ce."

Na ji jinina ya hau. Duk tsinuwar da na tara ta taso mini. Na ce, "Kai ne? Ka san yadda na same ta?"

Ya ce, "Na sani." Bai kare kansa ba. Maureen ta sa shi ya zauna ta ba shi shayi, a hankali labarin ya fito. Ɗaukar kaya yake yi a wani sito har bayansa ya lalace. Aka duba shi aka ce ai zai iya aiki, aka tsayar da tallafinsa. Ya sayar da talabijin, ya sayar da kujeru, yana biyan kuɗin wuta saboda ita har abin ya gagara. Ranar da wutar ta ɗauke ya rufe ta da bargonsa, ya fita neman taimako, a titi ya faɗi. Ya daɗe a asibiti, kansa ma ya taɓu. Da aka sallame shi ya tarar an canza makulli. Yanzu a gidan marasa matsuguni yake kwana.

Ya ce, "Ba zan iya ɗaukarta ba, ba ni da inda zan sa ta. So nake in gani da idona ko da gaske tana raye."

Na kai shi ɗakin. Na buɗe, na ɗago ta, a lokacin sai da hannu biyu. Ya karɓe ta kamar jaririya, ta zagaye damtsensa ta kwantar da kai a kafaɗarsa inda ɗumi yake. Ya shafa tabon ƙunar da yatsa ya ce, "Rosie." Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Na fita na ja musu ƙofa, na je bayan gida na tsaya cikin yayyafi, na janye Allah ya isan da na yi.

Darren ya riƙa zuwa duk lokacin da ya sami hali. Ya iya riƙe manya, ba ya ƙyamar kashi, kuma Maureen na yi masa tsawa yana jin daɗi. Ni kuwa takardata na ta ƙaratowa. Maureen ta ja sandarta muka je wurin masu ba da shawarar shari'a kyauta, muka yi jira yini guda, aka ce gida irin nata ba zai iya tsaya wa kowa ba. A bas muna dawowa ta yi ta zagin gwamnati da ƙarfi har mutane na waiwaye. Wasu 'yan gida sun ba ni shawara in ɓace cikin gari kamar yadda wasu ke yi. Na duba, na ga na gaji da ɓoyo. Na sayi tikiti.

Sauran kwanakin na kashe su ina koya wa Darren allura, da wanke baki, da yadda ake gane numfashin da ba daidai ba. Katifata ta zama tasa.

Na so in ɗauki mesar in yi mata sallama, amma da safen tafiyata na tarar idanunta sun yi fari-fari kamar an zuba nono, alamar tana shirin saɓa. A irin wannan lokaci ba ta gani sosai, ba a kuma taɓa ta. Na canza mata ruwa, na duba ɗumi, na tsaya ina kallo. Ko harshe ba ta zaro mini ba.

Maureen na bayana ta ce, "Ba za ta yi kewarki ba, kin sani ko? Ba sa yi."

Na ce na sani.

"Ni zan yi," in ji ta, ta juya da sandarta ta koma kicin.

Na dawo gida hannu rabbana, ba aikin Turai, ba abin nunawa. Masu tambaya na tambaya, masu dariya na yi a bayan ido. Daga baya na sami aikin rigakafi, ina bin rugage a kan babur. Wata rana ina wata ruga a ƙasar Giwa, mun gama yi wa garke allura ina wanke hannu, waya ta yi ƙara. Hoto ne daga Darren. Ga shi tsaye a garejin Maureen, ya ɗan yi kumari, mesar ta sauko daga kafaɗarsa har gwiwa, fatarta na ƙyalli.

Ardon rugar, dattijo mai farin gemu, ya ga na daɗe ina kallon waya ina share ido. Ya ce, "Malama, lafiya? Rasuwa aka yi?"

Na ce, "A'a Baffa, dabbar da na yi jinya ce a Turai." Na miƙa masa.

Ya ja baya. "A'uzubillahi! Wannan kika je kiwo?"

"Ita ce."

Ya karɓi wayar ya kai ta nesa da ido, ya karkata kai, ya daɗe yana dubawa tun daga wuya har wutsiya, kamar yadda yake duba karsana a kasuwa. Sannan ya miƙo mini.

Ya ce, "To, ta yi ƙiba. Kin iya kiwo."